Wane Ne Ke Kafa Ikkilisiya, Mai Kujera Ko Mai Bishara?

Duk wanda ya nazarci tarihin ikkilisiya a ƙasashen Arewa da idon basira, ba tare da ya bari son wani ɓangare ya rufe masa ido ba, zai tarar cewa Turawan mishan, duk da irin wahalar da suka sha, iri kawai suka kawo, amma waɗanda suka kai shi lungu-lungu har ya kama ƙasa 'ya'yan ƙasa ne, waɗanda galibinsu ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. A 1893 samari uku suka sauka Ikko da niyyar kai bishara yankin da a wancan zamani ake kira ƙasar Sudan, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare biyun farko sun rasu, kuma ba a sami tashar da ta zauna da gindinta ba sai ta Patigi a 1902. Wani ɗan mishan, Karl Kumm, ya isa Wase a 1904, a Garkida kuwa an yi sujada ta farko a gindin tsamiya a 1923. Waɗannan mutane ƙalilan ne, ga shi kuma gwamnatin Turawa ta taƙaita musu shiga ƙasashen sarakuna, saboda haka da a ce aikin ya dogara ga ƙafafunsu kaɗai, da bai wuce katangar gidan mishan ba.

Wanda ya fitar da shi shi ne mai bishara. Mutum ne wanda ya yi 'yan shekaru a makarantar Littafi Mai Tsarki, a Kagoro ko Gindiri ko wata wadda ba ta kai su suna ba, sa'an nan aka tura shi ƙauyen da ba shi da dangi, ya roƙi mai gari fili, ya yi bukka, ya nemi gona. Da safe yana noma kamar kowa, da yamma ya rataya tsohon ƙarfen ƙafar mota a reshen itace ya buga, yara su taru ya koya musu baƙi da wasali, har su iya karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala fassararsa a 1932. Ranar Lahadi jama'arsa su zauna bisa dakalin laka, baikonsu kuwa ƙwai ne da damin dawa. Matarsa ita ce ungozoma, ita ce malamar mata, kuma daga hannun irinta Zumuntar Mata ta yi ƙarfi, wadda har gobe ita ke riƙe da majami'u da yawa in maza sun yi sanyi.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne hikimar shugabannin wancan zamani, waɗanda suka gane cewa alamar shugabanci ita ce iya tarbiyyar magaji da sakin ragama gare shi. A 1938 aka naɗa Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot fastoci, tun ana ganin kamar lokaci bai yi ba. A ƙarshen shekarun 1940, kafin ma a kafa ikkilisiyar ECWA a 1954, masu bi 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyarsu ta aika masu bishara, wadda aka sani yau da EMS, suna ciyar da ita daga aljihunsu, kuma a zamanin da Panya Baba ya shugabance ta, daga 1970 zuwa 1988, ma'aikatanta suka ƙaru ƙwarai har suka tsallaka iyakar Nijeriya. Haka kuma shirin Sabon Rai Don Kowa, da ya taso a shekarun 1960, asasinsa shi ne a fitar da aikin shaida daga hannun limamai kaɗai a ɗora shi a wuyan kowane mai bi, manomi ne ko tela ko matar aure.

To, in muka juyo ga zamaninmu, sai zuciya ta yi nauyi. A biranenmu ana buɗe sababbin majami'u kusan kowane wata, wani lokaci biyu a layi guda, lasifikar wannan tana danne ta wancan. Amma in ka binciki asalin da yawa daga cikinsu, sai ka tarar saɓani ne a kan kujera ko baitulmali, ko kuwa ƙabilanci, ya sa mataimaki ya yi fushi ya ja rabin jama'a ya kama hayar shago. Wannan kwashe hatsi ne daga rumbu zuwa rumbu a ce an yi girbi, alhali ko ƙwaya guda ba ta ƙaru ba. Kuma son riyasa ya yi mana illa ta wata fuska, domin fasto matashi yakan ɗauki turawa ƙauye tamkar horo, ya shiga kamun ƙafa wajen manya don a bar shi a birni inda zakka ke da kauri, mai bisharar da ke bakin daji kuwa yakan yi watanni yana jiran ɗan abin da aka yi masa alkawari.

Ba na cewa tsari da ofis da majalisa ba su da amfani, domin jama'a in ta yi yawa tilas a sami mai riƙe lissafi da mai raba gardama, kuma Manzo Bulus da kansa ya bar Titus a tsibirin Karita domin ya naɗa dattawa gari-gari. Sai dai Bulus ya naɗa ya wuce, bai mai da wata ikkilisiya gadon gidansa ba, kuma ikkilisiyar Antakiya da ta tashi aika mutane, Barnaba da Bulus ta saki, waɗanda suke cikin manyan malamanta. Mu kuwa mukan riƙe gwanaye a hedkwata mu tura wanda bai da uwa a gindin murhu.

Fitinar Boko Haram ta nuna mana inda ƙarfin yake. Lokacin da aka mamaye hedkwatar ikkilisiyar EYN da ke Kwarhi a watan Oktoba na 2014, aka ƙone majami'u masu ɗimbin yawa a Borno da Adamawa, masu bi da suka warwatse ba su jira takarda daga ofis ba. Dattawa da mata da matasa suka riƙa tara 'yan'uwansu a sansanonin gudun hijira da garuruwan da suka sami mafaka, kuma daga irin wannan taro aka sami sababbin ikkilisiyoyi a wuraren da da can babu.

Saboda haka roƙona ga majalisun ikkilisiyoyinmu shi ne, kafin a ɗaga wani zuwa babban muƙami a tambaye shi mutum nawa ya almajirtar har suka tsaya da ƙafafunsu, da shekara nawa ya yi a inda babu lantarki. Kuma a cikin kasafin kowace shekara a fara cire haƙƙin masu bishara da kuɗin makarantar 'ya'yansu, kafin a zo maganar motar shugaba ko sabon rufin majami'ar birni.