Zuma Da Zaƙi Da Harbi

Jama'a, ba mu musun daɗin littattafan nan da a ke ƙaga labari a jingina shi ga sarakunan da. Littafin tarihi ya kan faɗi suna da shekara ya yi shiru. Mai ƙaga labari kuwa sai ya shigar da mu fada, mu ji zancen fadawa, mu ga adonsu. Yaron da ke gyangyaɗi a darasin tarihi, ba shi irin wannan ka ga ya kwana gindin fitila. Amma fa zuma da zaƙi da harbi.

Ga misali. A 1821 Walter Scott ya fitar da Kenilworth, labarin zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko ta Ingila. A ciki ya kai Amy Robsart wurin ƙasaitaccen bikin da mijinta, Robert Dudley, ya shirya wa Sarauniya a 1575. Alhali kuwa tun 1560 aka tsinci gawarta a gindin matakalar bene, watau shekara 15 ke nan tana kabari. Ya ce a ɓoye aka ɗaura aurensu, ga shi kuwa Sarki Edward na Shida da kansa ya halarci bikin a 1550. Masu binciken gawa na lokacin sun ce tsautsayi ne, shi ko ya ce baran mijinta ya halaka ta da yardar maigida.

Waɗansu su kan ce, ai tatsuniya ce, mene ne na damuwa? To, mu ba mu yarda ba. Tatsuniya tun daga gatanan gatananku ta gaya maka ƙarya za ta yi. Gizo ba shi da kabari, ba shi da zuriya. Dudley kuwa mutum ne, an ɗora masa jini, ba shi da bakin kāre kansa. Kuma abin da yaro ya karanta da marmari shi ke zama a ransa, gyaran malami sai ya bi iska.

Saboda haka muna kira ga malamanmu masu niyyar rubuta labarin zamanin Muhammadu Rumfa na Kano ko Kanta na Kabi. Ku ƙagi fatake da 'yan koli da dakaru yadda ku ke so, gama tarihi bai riƙe sunayensu ba. Amma wanda ya rayu da sunansa, kada ku matsar da ranar mutuwarsa, kada ku aza masa laifin da ba shaida. In kuwa kun ƙara gishiri, ku faɗi inda kuka ƙara a ƙarshen littafi.

Allah ya tsare alƙalumanmu daga ƙazafi, amin.