Farin Hayaƙi Bayan Canza Gaskit: Abin Da Bidiyon YouTube Ba Ya Gaya Wa Matasan Tambuwal Da Kebbe

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin gyaran mota ya fi ƙarfin masu ƙananan motoci da dama. Shi ya sa matashin da ke jigilar fasinja da Golf ko Corolla tsakanin Tambuwal, Dogon Daji da Jega, ko mai kai kaya kasuwannin ƙauyukan Kebbe, yake jingina wayarsa a kan batir, ya buɗe YouTube, ya kwance top ɗin injinsa da kansa idan gaskit ya ƙone. Babu laifi a wannan, wasu ma suna gamawa lafiya. Rikicin yana farawa ne idan an ɗaure komai, an tayar da mota, sai ga farin hayaƙi yana tuɗaɗowa daga salansa.

A nan mutane kan rabu biyu. Wani zai firgita ya sake kwance injin a ranar, ya yi asarar sabon gaskit. Wani kuma zai ce ai zai daina, ya ɗebi fasinja ya kama hanya. Dukkansu sun yanke hukunci ba tare da sun auna komai ba, alhali wayar da ta koya musu kwance injin za ta iya taimaka musu wajen awon.

Da farko, ba kowane farin hayaƙi ne ke nufin aiki ya ɓaci ba. Duk litar fetur ɗaya da inji ya ƙona tana samar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi. Da sanyin safiyar hunturu, a Disamba ko Janairu, lafiyayyar mota ma tana fitar da wannan tururin na ’yan mintoci. Sannan kafin a yi gyaran, tsohon gaskit ɗin ya riga ya tura ruwa cikin salansa, kuma ruwan yana nan kwance a tukunyarta. Sai bututun ya yi zafi sosai kafin ya ƙone, abin da kan ɗauki minti 20 zuwa 30, wani lokaci sai an ɗan zaga da motar. Irin wannan hayaƙin siriri ne, yana ɓacewa da zarar ya bar bakin salansa, kuma yana raguwa a hankali. Wanda ya kamata ya tayar da hankali shi ne mai kauri, mai tsayawa a iska, wanda ba ya raguwa ko bayan inji ya ɗau zafi, yayin da ruwan lagireto ke ta sauka.

Inda bidiyon ke ɓatar da mutum shi ne, yawancinsu a Amurka ko Turai aka ɗauke su, don motocin da ake kula da su ta wata hanya daban. Mai bidiyo zai ce a shinshina hayaƙin, idan yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi to ruwan sanyaya inji ne ke ƙonewa. Gaskiya ya faɗa, amma wannan ƙamshin daga sinadarin da ke cikin kulant yake fitowa. Motoci da yawa a wannan yanki ruwan rijiya ko na leda ake ɗura musu a lagireto. Tsuran ruwa ba shi da ƙamshi. Sai matashi ya shinshina bai ji komai ba, ya ɗauka lafiya lau, alhali ruwa na ta shiga silinda.

Haka ma batun tamostat. Al’ada ce a gareji da yawa a cire shi, da hujjar cewa na ƙasashen sanyi ne. Injin da aka cire wa tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, don haka tururin safe ma yana daɗewa, kuma lissafin mintocin da mai bidiyo ya bayar ba zai yi daidai ba. Wanda zai gwada motarsa ya fara sanin ko nasa yana nan.

Gwaje-gwajen da suka fi amfani ba sa cin kuɗi. Idan inji ya huce gaba ɗaya, a cika lagireto, a yi alama a jikin robar ajiyar ruwa, a ɗauki hotonta da waya. Bayan tafiyar kilomita 10 ko 15, a bari ya sake hucewa, a ɗauki wani hoton a kwatanta. Saukar ruwa sau ɗaya na iya zama iskar da ta maƙale ce ta fita, amma saukar da ke maimaituwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba, ruwan cikin inji yake tafiya. A tayar da inji da sanyinsa murfin lagireto a buɗe: kumfa mai fitowa a jere ba ƙaƙƙautawa alama ce ta iskar ƙuna tana kutsawa cikin hanyar ruwa. Haka idan babban tiyon sama ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu da tayarwa. A kwance fulogi a jera su. Wanda ya fi sauran tsabta kamar an wanke shi, silindarsa ce ke shan ruwa. Baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara ma shaida ne, sai dai idan ba a juye tsohon man ba bayan gyara, wannan shaidar ba ta da amfani. Murfin lagireto kuwa ba a taɓa shi inji na da zafi, zafin ruwan da ke ciki kan iya wuce digiri 100, yana iya sale fuska.

Ga mai son kayan fasaha, akwai ’yar na’urar ELM327 da ake soka wa a soket ɗin OBD2 ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth. Da manhaja irin Torque ko Car Scanner, za a ga ainihin zafin ruwa da lamba maimakon dogaro da allurar dashbod, wanda a yawancin injuna yake zama tsakanin digiri 85 zuwa 100. Za kuma ta nuna lambobin matsala: P0301 na nufin silinda ta ɗaya tana tsallake wuta, P0302 ta biyu, haka har zuwa ƙarshe. Idan lambar ta nuna silindar da fuloginta ya fito a wanke, magana ta ƙare. Abin lura, wannan tsari ya zama dole ne a motocin Amurka daga 1996, a motocin fetur na Turai kuma daga 2001, don haka tsohuwar Golf 3 ba lallai ta yi magana da na’urar ba. Masu injin dizal kuma su sani farin hayaƙinsu sau da yawa man da bai ƙone ba ne, musamman idan taimin ya goce wajen ɗaurawa.

To idan gwaji ya tabbatar ruwa na shiga, ina aka kuskure? Mafi yawan lokuta ba gaskit ɗin ba ne, top ɗin ne. Gaskit ba ya ƙonewa haka kawai. Inji ne ya yi zafi fiye da kima, kuma a zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40 a Sakkwato, da lagireto mai cike da tsatsa da gishirin ruwan rijiya, hakan ba wuya. Top na alminiyom yana lanƙwasa idan ya sha irin wannan zafi. Abin da kamfanoni ke yarda da shi kaɗan ne ƙwarai, tsakanin milimita 0.05 zuwa 0.1 a injuna da yawa, wato kusan kaurin gashin kai. Ido ba ya ganinsa, kyamarar waya ma ba ta gani. Sai da miƙaƙƙen ƙarfen awo da siraran ma’aunai, sannan injin da zai goge fuskar ta daidaita. A bidiyo, wannan matakin daƙiƙa biyar ne: mai gyara ya ce ya kai top ɗin an duba, sai hoto ya tsallake. Ga mutumin Kebbe kuwa, tafiya ce ta wuni guda zuwa Sakkwato, da kuɗin mota da na aiki. Shi ya sa ake tsallake shi, a goga sanfefa, a shafa gam, a ɗaure.

Ɗaurin ma da nasa ƙa’idar. Kusoshin top daga tsakiya ake fara ɗaure su ana fita waje, mataki-mataki, da sufana mai auna ƙarfin ɗauri, ba da bututun ƙarfe da ƙarfin damtse ba. A injuna da yawa, har da na Volkswagen, kusoshin suna miƙewa idan an ɗaure su, sau ɗaya ake amfani da su. Ramin kusa da aka bar ruwa ko mai a ciki yana sa a ji kamar ta ɗauru alhali ba ta danne gaskit ba. Waɗannan lambobi suna cikin littafin gyaran kowace mota, kuma nemansu da lambar injin ya fi kallon bidiyo goma na wata motar daban.

Wanda ya ga alamun nan ya ci gaba da aiki da motar, caca yake yi da injin gaba ɗaya. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan ya taru a silinda cikin dare, bugun farko na safe na iya lanƙwasa sandar fistin, daga nan maganar ta tashi daga gaskit ta koma sayen inji. Kuma a halin tsaron da ake ciki, ba wanda ke son mota ta mutu masa da fasinja a dajin da ke tsakanin Kebbe da babban titi bayan magariba. Idan za a sake kwancewa, top ɗin ya hau mota zuwa Sakkwato a auna shi, a duba ko ya tsage, a sayo sababbin kusoshi a hanyar dawowa, a kuma wanke lagireton da ya jawo zafin tun farko kafin a ɗora gaskit na biyu.