Ra'ayina: Ko Babu Wuta, Za Mu Iya Koyon Kwamfuta



Duk ranar da babu wuta, darasin kwamfuta yakan koma kwafar rubutu daga allo. A ganina akwai abin da ya fi haka, kuma mun gwada shi a ajinmu.

Malaminmu ya ba mu labarin wani tsohon wasa, Colossal Cave Adventure, wanda Will Crowther ya ƙirƙira a Amurka a 1976. Babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Kwamfuta za ta rubuta maka inda kake a cikin kogo, kai kuma ka rubuta umarni da kalma ɗaya ko biyu, kamar ɗauki fitila. Sai malam ya zama kwamfutar, mu muna ba shi umarni.

Mun maƙale a wasu ɗakuna masu kama da juna, darasi biyu muna ta bulayi. Wata 'yar ajinmu ce ta ce mu riƙa ajiye abu ɗaya a kowane ɗaki don mu gane shi, mu kuma zana taswira. Haka muka fita.

Wasu za su ce wasa ba ya fitowa a jarrabawa. Gaskiya ne. Amma a nan na gane cewa kwamfuta ba ta san "ai ka gane nufina" ba, sai an faɗa mata daidai, ɗaya bayan ɗaya. Shekara guda ina kwafar rubutu ban gane haka ba.

Ina roƙon ƙungiyarmu mu rubuta namu wasan da Hausa, a kan Dajin Falgore. Takarda da biro sun ishe mu.

Daga ɗan aji biyu.