Karin Harshe Ba Ma'aunin Hankali Ba Ne

Ya ku ɗalibai, duk ranar da kuka shiga kasuwar shanu ta Potiskum, ku ɗan tsaya ku lura da dillali. Kafin mai saye ya taya, dillali ya riga ya dubi hularsa da takalminsa, ya ji irin sallamarsa, ya kuma ga dabbar da idonsa ya fara sauka a kanta. Da zarar baƙon ya furta kalma biyu, an san ko Bakano ne, ko Basakkwace, ko mutumin Kudu. Sau da yawa kuɗin da za a fara yanka masa yakan dogara ne da wannan ɗan gajeren kallo, alhali babu wanda ya tambaye shi ko shi wane ne.

Wannan hali ba na dillali kaɗai ba ne, namu ne duka. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, suna kuma cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Durƙusawa wajen gaida babba, miƙa abu da hannun dama, cire takalmi a ƙofar zaure, duk ƙananan alamu ne da ke sauƙaƙa zaman tare. Sai dai ma'anar alama tana wajen al'adar mai kallo. A nan ƙasarmu, yaron da ya sunkuyar da kai gaban dattijo mai ladabi ne. A wurare da dama na Turai da Amurka kuwa, ana iya zaton yana ɓoye wani laifi. Yaron ɗaya ne, idanun da ke kallonsa ne suka bambanta.

Alamar da ta fi shafarku, ku masu koyon Hausa, ita ce karin harshe. Yaron da ya tashi a Gadaka yakan ji Ngamo a gida, Hausa a kasuwa, Ingilishi a makaranta. A Potiskum da kewayenta akwai Ngizim da Karekare da Bolewa da Fulani, kowa da harshensa. Idan irin wannan mutum ya yi Hausa, ba abin mamaki ba ne a ji ɓurɓushin harshen uwarsa a bakinsa. Wataƙila ya ce "ya" inda ake cewa "ta", ko ya gajarta wasalin da ake ja, har gari na zama da garin tuwo su zama abu guda. Sai wani ya kwashe da dariya, a zuciyarsa kuma ya yanke hukunci cewa wannan baƙauye ne, ba shi da basira. Ku dubi kalmar "gwaranci". An samo ta ne daga sunan Gwari, al'ummar da ke kiran kanta Gbagyi, wadda ke da cikakken harshenta, amma sai kalmar ta koma sunan maganar da ba ta fita daidai ba. A ra'ayina wannan hukunci kuskure ne. Karin harshe yana nuna inda mutum ya fito, amma ba ya nuna abin da ke cikin kansa.

Masana sun gwada wannan al'amari. A shekarar 1960, Wallace Lambert da abokan aikinsa a birnin Montreal na ƙasar Kanada sun buga sakamakon wani bincike. Sun ɗauki muryoyin mutanen da suka iya Ingilishi da Faransanci, kowannensu ya karanta rubutu guda a harsunan biyu. Aka sa ɗalibai su saurara, su kimanta masu maganar ta fuskar basira da sauran halaye, ba tare da sun san cewa mutum ɗaya suke ji sau biyu ba. A halaye da dama muryar Ingilishi ce ta yi rinjaye. Abin da ya fi ban tausayi shi ne, har ɗalibai masu jin Faransanci sun fifita muryar Ingilishi a kan ta harshensu. Wato raini idan ya daɗe, wanda ake rainawa ma yakan fara raina kansa.

Zato kuma ba ya tsayawa a zuciya, yakan fito cikin aiki. A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun bayyana abin da suka gani a wata makarantar firamare a Kalifoniya ta Amurka. An gaya wa malamai cewa wasu yara za su yi fice a wannan shekara, alhali an tsamo sunayensu ne kawai ba da wani dalili ba. A ƙarshen shekara, musamman a ƙananan azuzuwa, yaran nan sun fi sauran ci gaba. Masana sun yi ta muhawara kan girman wannan sakamako, amma duk malamin da ya daɗe a aji ya san hanyar da abin ke bi. Wanda kake kyautata wa zato kakan sakar masa fuska, ka ba shi lokaci ya yi tunani, ka gyara masa a hankali. Wanda ka raina kuwa, kafin ya gama jimla ka wuce kan wani.

Ni ma da nake wannan magana ban tsira ba. Na taɓa koyar da wata yarinya da ke zama a bayan aji. Duk lokacin da ta yi magana sai ta haɗa namiji da mace, 'yan aji su yi dariya, ni kuma in yi sauri in kira wani, ina ganin kamar rufa mata asiri nake yi. A hankali ta daina ɗaga hannu. Wata rana na ba da aikin insha'i, na ce kowa ya rubuta lamba maimakon suna. Rubutun da ya fi kowanne tsari da zurfin tunani, da na duba lambar, nata ne. Na ji kunya ƙwarai, domin na shafe zango biyu ina auna ta da kunne kawai.

Asarar da ke cikin wannan hali iri biyu ce. Ta farko, wanda aka yi wa dariya yakan yi shiru, kuma harshe ba ya zama a bakin mai shiru. Ta biyu, yakan fara jin kunyar harshen iyayensa. Alhali Ngamo da Bolanci da Karekare 'yan uwan Hausa ne na kusa, dukkansu daga dangin harsunan Cadi suke, kuma a 2004 an buga ƙamus ɗin Ngamo a nan Potiskum. Ita kanta Hausa ba kari ɗaya gare ta ba. Akwai Kananci da Katsinanci da Sakkwatanci, ga kuma Guddiranci a ƙasar Katagum da ke maƙwabtaka da mu.

Wani zai ce, to, a bar kowa da kuskurensa ke nan? A'a. Daidaitacciyar Hausa ita ce ta littattafai da jarrabawa, kuma wajibi ne ku ƙware a kanta. Amma gyara jimla daban, raina mai jimlar daban. Haka nan ba na cewa ku rufe ido da kunne, domin zuciya ba ta neman izini kafin ta yi zato. Abin da ke hannunku shi ne jinkirta hukunci.

Saboda haka, idan wani ya yi magana, ku fara tambayar kanku me ya faɗa, kafin ku kula da yadda ya faɗe shi. Idan abokinku ya yi kuskure, ku gyara masa bayan ya gama, ba da dariya ba. Idan kuma ku aka yi wa dariya, kada ku sauke hannu. Mai magana da karin wani harshe ya riga ya mallaki harshe guda, na biyu ko na uku yake nema. Gobe a aji, ku ɗaga hannu ku yi magana.

Ma'anar Kalmomi

Dillali: mai shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa.
Taya: faɗin kuɗin da mutum zai iya biya.
Ɓurɓushi: ɗan ragowar abu.
Kimanta: auna darajar abu ko mutum.

Tambayoyi

1. Waɗanne alamu dillali yake dubawa a jikin mai saye?
2. Me binciken Montreal ya nuna?
3. Kawo karin magana guda da ya shafi fuska, ka bayyana ma'anarsa.
4. Rubuta sakin layi biyu kan ranar da ka yi wa wani mummunan zato, daga baya ka gane kuskurenka.