Yadda layi ɗaya a Excel ya hana gwaggona tallafin ambaliya (Zare)

1/
Ɗazu a gurup ɗin 'yan ajinmu wani ya rubuta wai darasin tsara rumbun bayanai ɓata lokaci ne, a haddace a ci jarrabawa a manta. Aka yi ta danna masa alamar dariya. Ni kuwa raina ne ya ɓaci. Ku ba ni aron kunnenku, zaren zai ɗan yi tsawo.

2/
Ba ɗan ƙasar Haɗeja da ya manta daminar 2022. Ruwa ya ci gonaki tun daga Auyo har Kirikasamma da Guri, mutane suka koma kwana a azuzuwan firamare da bakin titi. Lokacin muna gida, ASUU na yajin aiki. Da maganar tallafi ta taso aka ce a kawo sunaye, sai aka zaunar da ni gaban laftof tunda ni ne "ɗan kwamfuta".

3/
Fayil ɗin da aka ba ni tsoho ne, na rajistar taki ne aka juya shi. Shafi ɗaya tal. Kowane layi ya kwashi komai: sunan mutum, waya, ƙauye, mazaɓa, ƙaramar hukuma, mai unguwa, girman gona, abin da ya shuka, yawan iyali, abin da ya karɓa. Wallahi a lokacin burge ni ya yi. Na ɗauka aiki ke nan.

4/
Mijin gwaggona ya rasu kafin faɗuwar damina, Allah ya jiƙansa. Wani bawan Allah da ya riga ni taɓa fayil ɗin ya bi ya goge sunayen mamata, a ganinsa gyara yake yi. To amma gonar a layin marigayin take. Iyalin ma a layinsa suke. Da ya goge layin, gona ta tafi, gwaggo ta tafi, marayu suka tafi.

5/
Ranar rabo ta zo ta tsaya tun safe. Aka duba aka ce, "Baba, ba sunanki." Ta faɗi sunan mijin, shi ma babu. Shinkafar da ita ta shuka da hannunta tana ƙarƙashin ruwa, amma a takarda ba ta da gona. Ta juyo ta ce min, "Ɗan nan, ba kai ke rubutawa ba?" Har yau ban samu amsar da zan ba ta ba.

6/
A fayil ɗin nan dai akwai mutumin da ya fito sau uku: Muhammad a sama, Moh'd a tsakiya, Mamman a ƙasa. Gona ɗaya, buhu uku. Kuma kada in wanke kaina, ɗaya daga cikin ukun ni na shigar, don na nemi "Mamman" kwamfuta ta ce babu.

7/
Sai da na koma makaranta malam ya zo kan wannan babin na ga ashe abin da ya samu gwaggo har suna gare shi a littafi: cikas na gogewa. Ka goge abu ɗaya, wani abu da bai ji bai gani ba ya bi shi, saboda ka ɗaure su a layi guda. Na zauna a aji jikina ya yi sanyi.

8/
Kuma ba sabon ilimi ba ne. Tun 1970 wani masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki a IBM, Edgar Codd, ya fitar da tsarin ajiye bayanai a tebura masu alaƙa da juna. Daga baya ya kawo ƙa'idojin da ake kira nomalaizeshan. Ni tsefe bayanai nake ce masa, kamar tsefe kitso: a warware abin da ya cukurkuɗe. Shekara hamsin da ɗoriya, mu har yanzu muna cusa duniya a shafi ɗaya.

9/
Gundarin abin ba wuya: kowace gaskiya a rubuta ta sau ɗaya, a wuri ɗaya. Mutum daban, gona daban, ƙauye daban, rabo daban. Kowanne da teburinsa, kowanne da lambarsa da ba ta maimaituwa. Lambobin ne ke haɗa su, ba sunaye ba. A garin da rabin maza Muhammadu ne, suna ba shaida ba ne.

10/
Ƙa'idar farko: gida ɗaya, abu ɗaya. A fayil ɗinmu sai ka ga an rubuta "shinkafa, gero da ɗan tattasai" a gida guda, ko lambar waya biyu da "ta ɗansa ce" a gefe. To tambayi kwamfuta manoman shinkafa nawa ruwa ya ci. Sai dai ka ƙirga da yatsa.

11/
Sai maimaici. In ka san ƙauye, ai ka san mazaɓarsa da ƙaramar hukumarsa. Me ya kawo rubuta su a layin kowane manomi? Ga sakamakon: Kirikasamma, Kiri Kasamma, K/Kasamma, Kirikasama. Malam Madori, M/Madori, Mallam Maduri. Kwamfuta ba ta san dangi ba, a wurinta garuruwa bakwai ne. Ka tace da ɗaya, sauran mutanen sun ɓace daga lissafi.

12/
Haka mai unguwa. In ya rasu aka naɗa wani, sai ka bi layi ɗaruruwa kana canzawa, ka gaji ka bar rabi. Da ƙauye na da teburinsa, wuri ɗaya za ka taɓa.

13/
Inda abin ya fi daɗi, kuma inda masu cewa "ai ka'ida ce kawai" ba su taɓa leƙawa ba, shi ne fadama. A nan gona ba ta da mutum ɗaya. Akwai gado, akwai aro, akwai haya, akwai jingina. Mai gona na zaune a cikin Haɗeja, wani ne ya shuka shinkafa da damina, da rani kuma wani daban ya karɓa ya sa alkama ko tattasai. Mutum ɗaya yana noma gona uku, gona ɗaya mutum uku na nomanta.

14/
Ta yaya layi ɗaya zai ɗauki wannan? Ba zai iya ba. Dole a sami tebur na tsakiya: wane, ya noma gona kaza, a kakar kaza, ta hanyar aro ko haya. Shi ne kaɗai zai amsa tambayar da ke haddasa faɗa ranar rabo: wa ruwa ya yi wa ɓarna, mai ƙasa ko wanda ya zuba irinsa da kuɗin takinsa?

15/
Da haka aka tsara, rasuwar mijin gwaggo alama kawai za a sa a teburin mutane: ya rasu, ranar kaza. Ba a goge shi. Gona na nan da lambarta. A teburin tsakiya a ƙara layi: damina 2022, gwaggo ce ta noma. Kuma rumbun da aka gina daidai ƙin yarda zai yi ka goge mutumin da gona ke rataye da lambarsa. Excel kuwa ko tari ba zai yi ba.

16/
Na san me za ku ce. "Ɓarawo zai yi sata ko da wane tsari." Gaskiya ne. Amma yanzu ɓarawon ko wahala ba ya sha, harafi ɗaya yake canzawa. In aka kama shi ya ce kuskuren taifin ne, kuma ba mai iya ƙaryata shi, don ni ma na yi irinsa ba da niyya ba. In teburin rabo ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu a rabo ɗaya, dole ya ƙirƙiro mutum sukutum, kuma sunan wanda ya shigar zai zauna a rubuce.

17/
Shi ya sa ban yarda duk jahilci ne ba. Wani dai bai sani ba. Wani kuwa ya sani sarai, ruwan da ya gurɓace ya fi masa daɗin kamun kifi. Ku lura da wanda ya fi saurin cewa "a bar shi yadda aka saba".

18/
"Ba kowa ke da NIN ba." Haka ne, musamman tsofaffi mata da masunta da makiyaya. Don haka kada NIN ta zama ƙofar shiga, a ba kowa lambar rajista tasa, mai NIN a ƙara masa ita don tantancewa. Kuma a daina yawo da lambobin mutane a WhatsApp, tun 2023 akwai dokar kare bayanai a ƙasar nan.

19/
"Ba wuta, ba netwok." SQLite kyauta ne, ba ya neman intanet, yana cikin wayar Android ɗin da kake karanta wannan da ita. Kai ko litattafan rajista huɗu ka saya a kasuwar Haɗeja ka raba mutane da gonaki da noma da rabo, ka fi mai shafi ɗaya tsari.

20/
Masu cewa Turawa ma Excel suke amfani da shi: eh, kuma ya ƙone su. A 2020 hukumar lafiyar Ingila ta zubar da sakamakon gwajin korona kusan 16,000 saboda tsohon fayil na Excel da ba ya wuce layi 65,536. Su aka yi ta cece-kuce har majalisa. Mu sai a ce wa tsohuwa "ba rabonki ba ne".

21/
Wannan kalmar ce ta fi ci min rai. Rabo na Allah ne, ba mai ja. Amma hannun mutum ne ya danna gogewa.

22/
Mu kuma ɗalibai mu ji kunya. Kowa furojet ɗinsa manhaja mai launi, maɓalli na sheƙi, hoton manomi yana murmushi. Ka leƙa baya, tebur ɗaya mai ginshiƙi talatin, sak fayil ɗin da ya share gwaggo, an dai shafa masa hoda. Gobe mu ne za a zaunar gaban laftof a sakatariya.

23/
Kacalla na nan ta toshe hanyar ruwa, Tiga da Challawa na nan a sama, damina kuma ba ta fasa zuwa. Za a sake neman sunaye, kuma cikin gaggawa za a nema. Na zana teburan nan a takarda, guda shida ne: mutum, gida, ƙauye, gona, noma, rabo. Zan ɗora hoton a ƙasa, 'yan kwamfuta ku duba ku caccake ni inda na kuskure, musamman wajen jingina, can ne ban gamsu ba.

24/
Wanda ya yi rubutun a gurup kuma, na turo maka ta inbos. Hutun nan ka zo Haɗeja mu je ka gai da gwaggo, ka maimaita mata abin da ka rubuta.