Ta ina ya kamata a fara koyar da fizikal kemistiri?

Littafin Peter Atkins, wanda ya fara fitowa a 1978, da iskar gas da dokokin zafi yake buɗewa, sai can gaba ya shiga kwantum. McQuarrie da Simon kuwa, a nasu na 1997, da kwantum suka fara, suka gina sauran a kansa. Tsarinsu yana da kyau, amma ga ɗalibanmu ina bayan Atkins. Ɗalibin da kalkulas bai zauna masa ba, in aka tare shi da lissafin Schrödinger tun makon farko, hadda kawai zai yi saboda jarrabawa. Zafi da matsin iska kuwa zai auna su da hannunsa a ɗakin gwaji, ko da kayan aikin sun tsufa.