Shafi Biyu A Waya: Ta Nan Kuɗin Binciken Dajin Birnin Gwari Zai Fara Fitowa

Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen watan Nuwamban 2024, bayan sulhu da wasu 'yan bindiga, labaran da ke fitowa daga yankin suka fara sauyawa. Motoci sun koma bin hanyar Kaduna, manoma da dama sun koma gonakin da suka bari. Zaman lafiyar bai gama tsayawa da ƙafafunsa ba, amma ya bar wata 'yar ƙofa a buɗe, kuma a bayan ƙofar akwai tambayoyi birjik. Wane hali dajin Kamuku yake ciki bayan shekarun da masu gadinsa ba sa iya shiga lungunansa? Nawa aka sare? Ruwan da ake sha kusa da wuraren wanke zinari lafiyayye ne?

Bincike ne kawai zai amsa waɗannan, shi kuwa bincike kuɗi yake ci. Masu bayar da kuɗin suna nan, a gida da waje, kuma da yawansu ba sa fara neman littafi guda daga mai nema. Abin da suke fara karɓa shi ne gajeriyar takardar share fage, shafi ɗaya zuwa uku, wadda ke bayyana abin da za a bincika da dalilinsa. Wanda tasa ta burge su ne ake ce masa ya kawo cikakken tsari. Matasan Birnin Gwari da suka yi karatu ya kamata su ɗauki rubuta wannan takarda a matsayin sana'ar da ake koya, kamar gyaran waya ko haɗa bidiyo, domin wayar da ke hannunsu ta isa ta yi yawancin aikin.

Me ya sa gajeriyar takarda?

Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana da Asusun Bincike na Ƙasa da malaman manyan makarantun gwamnati ke nema. Tsarinsa hawa-hawa ne: ana fara aika takardar share fage ta intanet, masana su tace, sai waɗanda suka tsallake su rubuta cikakken tsari. A waje kuma, Gidauniyar Gates ta ƙaddamar da shirin Grand Challenges Explorations a 2008, inda a wancan lokacin takarda mai shafi biyu kacal ke iya samo dala 100,000, kuma masu tantancewa ba sa ganin sunan mai nema ko na makarantarsa.

Wannan tsari ya fi yi wa mai ƙaramin ƙarfi rana. Cikakken tsari na iya cinye watanni, ga data, ga zirga-zirgar neman sa hannun shugabanni. Gajeriyar takarda kuwa mako biyu na aiki tsakani da Allah ya ishe ta, in ba a dace ba ma asarar kaɗan ce. Sai dai gajartarta ita ce wahalarta. Mai tantancewa yana da tarin takardu a gabansa, sakin layin farko ne zai sa ya ci gaba ko ya ajiye.

Tambaya ɗaya, wuri ɗaya

Babban abin da ke kayar da masu nema shi ne ɗaukar Dala ba gammo. Sai mutum ya rubuta cewa zai binciki "matsalar tsaro da talauci da sauyin yanayi a Arewa maso Yamma". Babu mai ba da kuɗi a kan haka, don babu wanda zai iya gama shi cikin shekara ɗaya ko biyu.

Birnin Gwari tana da ƙananan tambayoyi masu nauyi. Dajin Kamuku ya fara zama gandun daji na En'e a 1936, ya zama gandun ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, kuma yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Daji ne na doka da maje da kaɗanya da ɗorawa. Mai nema zai iya tsayawa a kan itace ɗaya, misali madobiya, wadda aka sa cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu tun 2017 saboda yawan sararta ana fitarwa ƙasar Sin. Tambayar za ta iya zama: nawa ne ya rage na manyan madobiya a gefen dajin da ke kusa da Randagi da Kakangi, kuma ƙananan suna tasowa?

Ga kuma batun zinari. Gubar dalma daga niƙan dutsen zinari ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ta sake kashe 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Rafi maƙwabciyar Birnin Gwari ce, kuma a nan ma ana haƙar zinari. Takardar da ta ce za a auna dalma a rijiyoyi da ƙasar tsakar gida a ƙauyuka uku da ake niƙa dutse, a kwatanta da ƙauyuka uku da ba a niƙawa, ta riga ta faɗi matsala da hanya da amfani a jimla guda.

Abin da takardar ke ƙunsa bai wuce biyar ba: matsalar da hujjarta, tambayar, yadda za a tattara bayanai, waɗanda za su yi aikin, sai ƙiyasin kuɗi da lokaci. Kowanne sakin layi ɗaya ko biyu. Kafin a rubuta ko harafi, a karanta sanarwar masu ba da kuɗin sau biyu, don sanin wa ya cancanta, kalmomi nawa aka ƙayyade, da ranar rufewa. Takarda mai kyau da ta saɓa ƙa'ida ko gaban masana ba ta kaiwa.

Abin da waya za ta iya

Hujja ita ke bambanta takardar da aka yi wa aiki da wadda aka zauna aka tsara da ka. A nan waya take da amfani. Shafin Global Forest Watch, wanda aka buɗe a 2014, yana nuna inda aka rasa bishiyoyi shekara bayan shekara tun daga 2001, kyauta, bisa hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat da kowane ɗigo a cikinsu ke wakiltar mita 30. Taurarin Sentinel-2 na Turai sun fi shi kaifi, mita 10, kuma suna sake bi ta kan wuri ɗaya kusan duk kwana biyar. Matashi a garin Birnin Gwari zai iya ganin yadda gefen Kamuku ya sauya ba tare da ya taka dajin ba.

Akwai tarko a nan da ya kamata a sani. Global Forest Watch ya fi gane daji mai duhu. A daji irin na Kamuku, inda bishiyoyi ke warwatse cikin ciyawa kuma suke zubar da ganye da rani, taswirar na iya rage lissafi, musamman in an bar ma'aunin rufin ganye a kashi 30 cikin 100 da shafin ke farawa da shi. Mai neman da ya ambaci wannan a takardarsa, ya kuma ce zai gwada taswirar da abin da ke ƙasa, ya nuna wa masu tantancewa cewa ya san kayan aikinsa.

Manhajar KoboCollect tana cike fom ɗin tambayoyi ba tare da sabis ba, ta ajiye har sai an samu intanet ta tura. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da aka katse wa layukan waya na kusan wata biyu daga ƙarshen Satumban 2021. Google Scholar zai nuna abin da wasu suka riga suka wallafa a kan yankin, don kada mutum ya yi iƙirarin shi ne na farko alhali an riga shi. Lambar shaidar mai bincike ta ORCID, wadda masu ba da tallafi da yawa ke tambaya, kyauta ake buɗe ta cikin 'yan mintuna. Rubutun kansa a yi shi a Google Docs ko WPS Office, a kwafa zuwa shafin nema daga baya, kuma a tura kwanaki kafin ranar rufewa.

Sai batun ƙirƙirarriyar basira. ChatGPT da 'yan uwansa suna gyara Turanci, suna rage kalma 700 ta koma 500. Amma an san su da ƙirƙiro sunayen littattafai da maƙalun da babu su, kuma madogara ɗaya ta ƙarya ta isa ta zubar da mutuncin takarda gaba ɗaya. Ban da haka, abin da suke rubutawa a kan Birnin Gwari daidai yake da abin da za su rubuta wa mai nema daga Legas ko Landan. Jarin ɗan gari shi ne abin da na'ura ba ta sani ba: wace hanya ke yankewa da damina, wace rana kasuwa ke ci, wane mai unguwa za a fara gaisarwa.

Ƙorafin da ke da tushe

Wani zai ce duk wannan zance ne na malaman jami'a, tunda TETFund ba ya bai wa wanda ba ma'aikacin makaranta ba. Gaskiya ne, kuma yawancin masu ba da tallafi suna son ganin wata cibiya da za ta riƙe kuɗin. Sai dai bincike ba aikin mutum ɗaya ba ne. Malami a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Jihar Kaduna, ko Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, yana da cibiya da ɗakin gwaji, amma sau da yawa ba shi da wanda zai shige masa gaba a Kuyello ko Dogon Dawa. Da ɗan gari akan ci gari. Matashin da ya je wurin malami da shafi biyu a rubuce, da taswira a wayarsa, abokin aiki ne da sunansa zai shiga takarda. Wanda ya je hannu rabbana, ƙarshenta ɗan rakiya zai zama, a sallame shi da kuɗin mota. Akwai kuma masu ba da ƙananan tallafi, irin su Gidauniyar Rufford ta Ingila, da suka fi karkata ga masu fara aikin kare daji da namun dawa, ko da yake su ma suna neman wasiƙun shaida daga masana.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, shi ne tsaro. A yankin da zargin kai rahoto ke iya jawo wa mutum kisa, yawo da waya ana ɗaukar hoto da alamar GPS ba wasa ba ne. Takardar da ta ɓoye wannan don kada ta tsorata masu kuɗi ta yaudare su, ta kuma jefa yaran da za su tattara bayanai cikin haɗari. Abin da ya dace shi ne a faɗa ƙarara: ga wuraren da za a je da izinin masarauta da hukumar gandun dajin, ga waɗanda za a duba ta tauraron ɗan'adam kawai, ba za a rubuta sunan wanda aka tambaya ba, ba za a ajiye alamar gidansa a waya ba, kuma in hanya ta rufe ga tsari na biyu. Masu tantancewa sun fi yarda da wanda ya san iyakarsa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta wajabta neman yardar mutum ko wata halattacciyar hujja kafin sarrafa bayanansa.

Abu na ƙarshe shi ne 'yan damfara. Duk sanarwar tallafi da ta zo ta WhatsApp tana neman kuɗin rajista ko lambar BVN, a bar ta inda aka gan ta. Sanarwar gaskiya tana kan shafin hukumar da ta fitar da ita.

Yawancin takardun share fage ba sa tsallakewa, ko na farfesoshi. Amma wadda aka mayar yau ita ake gyarawa a aika wani wuri gobe, kuma kowane zagaye tambayar na ƙara kaifi. Za a yi bincike a kan Kamuku da zinarin Birnin Gwari ko ba jima ko ba daɗe, kuma abin da aka rubuta shi zai shiga teburin masu yanke shawara kan gonaki da burtali da wuraren haƙa. Ko 'yan yankin za su kasance cikin masu rubutun ko cikin waɗanda ake rubutu a kansu, wannan ya dogara da wanda ya zauna ya cike shafi biyun nan kafin ranar rufewa.